Duman Fada: Tarihin Gorunan Mazubi na Sarakunan Sin

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san duma, ya kuma san amfaninsa. Daga jikinsa ake samun ƙwaryar fura da masaki da ludayi da jallo da zunguru da shantu, har da kurtun da almajiri ke zuba tawada. Tsarin aikinsa a wurinmu sananne ne. Akan bar duma ya yi girman da Allah ya nufe shi da shi, idan ya ƙosa a cire, a fafe, a shanya, sannan mai zane ya zo da wuƙarsa ko ƙarfensa mai zafi ya yi masa ado. Wato sai duma ya gama rayuwarsa hannun mai fasaha ke hawa kansa.

A ƙasar Sin an yi wani zamani da sarakuna suka juya wannan tsari. Tun ɗan duma yana ɗanye a jikin uwarsa sukan sa a kulle shi cikin wani mazubi da aka sassaƙa wa zane ta ciki. Yana girma yana cika mazubin, har ya ɗauki siffarsa da zanensa gaba ɗaya. Ranar da aka buɗe, sai a tarar da tasa ko tulu ko batta, da furanni da rubutu sun taso a jikinta, ba tare da wuƙa ta taɓa ta ba. Sinawa na kiran irin waɗannan kaya paoqi, ma'ana kayan duma. A yau suna cikin kayan tarihin da ake tarawa ana gwanjonsu a manyan biranen duniya. Wannan maƙala za ta bi sawun sana'ar daga mafarinta zuwa yau, domin a ga yadda tsiron da ke yaɗo a dangar talaka ya sami shiga taskar sarki, a kuma ga abin da masu saye suke biya wa kuɗinsu.

Duma a Rayuwar Sinawa

Masana tsirrai sun tafi a kan cewa asalin duma daga nahiyar Afirka yake, kuma yana cikin tsirran farko da ɗan Adam ya fara shukawa. Ya daɗe da isa ƙasar Sin, domin an tono ɓurɓushinsa a kufan Hemudu da ke lardin Zhejiang, wurin da mutane suka zauna kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Saboda haka irin da Bahaushiya ke dama fura a cikinsa da irin da sarkin Sin ya sa wa hatimi tsiro ɗaya ne.

Sinawa sun ɗora wa duma ma'anoni da dama. Sunan gora a harshensu shi ne hulu, kuma furucinsa ya yi kusa da na kalmomi biyu, fu da lu, masu nufin albarka da arzikin muƙami. Yawan 'ya'yan da ke cikinsa kuma suka ɗauke shi alamar yawan zuriya. Masu maganin gargajiya sukan rataya gora a ƙofar shago don a san sana'arsu. Haka nan a tsohon rabon da suka yi wa kayan kiɗa gida takwas, gwargwadon abin da aka yi su da shi, duma na da gida guda. Wannan ya nuna ko kafin ya shiga fada, duma na da mutunci a idon Basine, duk da arharsa.

Mafarin Sana'ar

Dabarar tilasta wa duma siffa ta girmi sarakunan da suka yi suna da ita. A ƙasar Japan akwai wata tsohuwar gorar mazubi da ta fito daga wurin ibada na Horyuji, wadda ake danganta ta da zamanin daular Tang ta Sin, wato daga 618 zuwa 907. A ƙarshen daular Ming kuma, wani marubuci mai suna Xie Zhaozhe ya ba da labarin goruna masu kusurwa huɗu da waɗanda rubutu ya taso a jikinsu, ya kuma bayyana cewa da allunan katako ake matse su tun suna ƙanana.

Akwai kuma wani malami mutumin Jiaxing mai suna Chao Mingsheng. Da daular Ming ta faɗi a 1644, Mancawa suka sauko daga arewa maso gabas suka kafa daular Qing, wadda ake furtawa Cing, sai wannan malami ya ƙi yi wa sababbin sarakuna aiki. Ya koma ƙauye ya keɓe kansa, yana shuka duma yana sarrafa shi. Abin lura a nan shi ne, sana'ar da wani ya riƙa don nesanta kansa da fadar Mancawa, ita ce ba da daɗewa ba fadar ta mayar tata.

Lambun Sarki Kangxi

Sarki Kangxi, da ake furtawa Kangshi, ya hau gadon mulki a 1661 yana yaro ɗan shekara 6, ya kuma yi shekara 61 a kai, har rasuwarsa a 1722. Mutum ne mai son sanin yadda abubuwa ke aiki. Ya koyi lissafi da ilmin taurari a wurin limaman Kirista da suka zo daga Turai, ya kuma ba harkar noma muhimmanci ƙwarai. A yamma da babbar fadar Beijing akwai wani lambu da ake kira Fengzeyuan, inda ya sa aka yi fadamar shinkafa, har ya zaɓo wani iri mai saurin nuna ya yaɗa shi. A 1696 ya sa aka buga littafin hotuna da ke nuna matakan noman shinkafa da saƙar siliki.

A wannan lambu ne aka riƙa shuka duman fada. Shaidar hakan ta fito daga jikansa, Sarki Qianlong, wanda ya rubuta cewa kakansa ne ya umarci masu kula da lambunan sarki su sanya duma cikin mazubi. Daga nan aka fara samun tasoshi da farantai da tuluna da mazuban alƙaluma, kuma a gindin da yawa daga cikinsu akwai haruffa huɗu masu nuna cewa an yi su ne don nishaɗin Kangxi. Su ma waɗannan haruffa a jikin mazubi aka sassaƙa su, saboda haka tare da duman suka girma.

Me sarkin da ke da zinariya da tangaran da duwatsu masu daraja zai yi da duma? Ana iya fahimtar amsar ta fuska biyu. Ta farko, a tunanin Sinawa sarki uban manoma ne, kuma sauƙin kai ado ne ga mai mulki, don haka tasar duma a gaban sarki tana isar da saƙo. Ta biyu, sarki yana da ikon umartar maƙeri da magini da masassaƙi, su kuwa ba su da zaɓi sai bi. Amma a ce tsiro mai rai ya rubuta sunan sarki a jikinsa, wannan wani mataki ne na nuna isa da ba kowane mai mulki ya taka ba.

Yadda Ake Aikin

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a kan wannan ƙa'ida sana'ar ta ginu. Da farko masassaƙi zai nemi katako mai laushin sassaƙa, ya yi mazubi gunduwa-gunduwa, huɗu ko shida ko takwas, ya ƙwaƙule zanen a cikin kowace gunduwa a juye, yadda zai fito daidai a jikin duma. Da bazara akan shuka iri, a yi masa rumfa ya hau. Idan ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya, sai a zaɓi ɗan da ya dace a zura shi cikin mazubin, a haɗe gunduwoyin a ɗaure tamau, a rataye a jikin rumfa don kada nauyi ya tsinke shi. Daga nan sai jira.

A cikin jiran nan ne wahalar take. Idan duman bai yi ƙarfi ba, ba zai cika mazubin ba, zanen ya fito dishi-dishi ko rabi. Idan ƙarfinsa ya yi yawa, sai ya kutsa ta tsakanin gunduwoyi ko ya fasa su. Idan ruwan sama ya shiga ya kwanta, sai ya ruɓe. Ga ƙwari, ga tabon danshi. Mai lambu kuwa ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki, sai kaka ta yi an buɗe. Kuma da yake sau ɗaya ake noman a shekara, wanda ya yi kuskure sai ya jira baɗi. Wani babban ma'aikacin fada na zamanin Qianlong mai suna Shen Chu ya rubuta cewa a cikin ɗaruruwa ko dubbai, ɗaya ko biyu kaɗai ke fitowa ba aibi.

Wanda ya tsira akan kankare masa fatar waje, a shanya, a yanke baki, a kwashe cikin. Sannan ma'aikatan fada su shafe cikinsa da wani baƙin danƙon itace mai ƙyalli, wani lokaci su yi zane da ruwan zinariya a kai, su kuma naɗe bakin da hauren giwa ko ɓawon kunkurun teku ko katako mai daraja. Daga baya an ƙara wata dabara. Akan sassaƙa siffar da ake so da katako, a lulluɓe ta da yumɓu, a zare katakon gunduwa-gunduwa, a gasa yumɓun ya zama mazubi. Da siffar katako ɗaya ana iya yin mazubai masu yawa, kuma idan duma ya ƙosa sai a fasa yumɓun a fito da shi.

Zamanin Qianlong

Sarki Qianlong, da ake furtawa Ciyanlung, ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796. Yana matuƙar girmama kakansa, har ya sauka daga mulki da kansa don kada ya wuce shekarun da kakan ya yi. Ya gāji son duma daga gare shi, kuma a zamaninsa sana'ar ta kai ƙololuwa. Siffofi suka yawaita, zane ya ƙara cunkushewa: dodon nan mai kama da maciji da ke alamta sarauta, da gizagizai, da furanni, da jemagu, waɗanda sunansu a Sinanci ya yi daidai da kalmar albarka, da harafin tsawon rai. Aka riƙa yin 'yan battocin garin taba da akwatuna masu murfi, inda dole a sami duma biyu da suka dace da juna. Sarkin, wanda ya bar waƙoƙi fiye da 40,000, ya keɓe wasu daga ciki ga waɗannan kaya.

Darajar da fada ta ba su ta bayyana a 1793, lokacin da Sarkin Ingila George na Uku ya aiko da jakada Macartney don neman a faɗaɗa wa Ingilishi ƙofar ciniki. Jakadan ya zo da agoguna da madubin hangen taurari da bindigogi. Qianlong ya karɓe shi a Chengde, ya ƙi biyan buƙatunsa, ya kuma aika wa Sarkin Ingila cewa ƙasar Sin ba ta da buƙatar kayan ƙirar ƙasarsa. A cikin tukuicin da ya mayar, tare da siliki da tangaran da ganyen shayi, akwai kayan duma na mazubi. Ƙasar da ke taƙama da injuna aka aika wa abin da lambu ya ƙera.

Daga Fada Zuwa Kasuwa

Bayan Qianlong al'amuran daular suka fara ja da baya. A zamanin Sarki Daoguang, daga 1820 zuwa 1850, baitulmali ya yi rauni, ga yaƙin da aka yi da Ingila kan cinikin ƙwayar ofiyom daga 1839 zuwa 1842, wanda Sin ta sha kaye. Fada ta rage irin waɗannan ayyuka masu cin lokaci. Sana'ar ta koma gidajen 'ya'yan sarauta a Beijing da kewaye, daga nan ta gangara hannun manoma.

Da ta sauka ƙasa, sai ta sami wata sabuwar kasuwa. Mutanen Beijing suna da al'adar kiwon gyare da danginsa don jin kukansu a lokacin hunturu, sa'ad da dusar ƙanƙara ta rufe gari. Akan sa ƙwaron cikin 'yar gora mai murfi mai huji-huji, mutum ya cusa ta cikin rigarsa don ɗumin jikinsa ya raya shi. Gora ta fi kowane abu dacewa da wannan, domin ba ta da nauyi, tana riƙe ɗumi, tana kuma ƙara wa kukan amo. Manoman Ansu, wadda yanzu ake kira Xushui, suka shahara da goruna masu zane a kan farashi mai sauƙi. A gundumar Sanhe kuma, a tsakiyar ƙarni na 19, aka yi wani mutum da ake kira Liu na Sanhe. Gorunansa ba su da zane ko kaɗan, amma saboda daɗin amonsu masu kiwon gyare suka riƙa fifita su a kan na fada. Ƙwarya tagari tana ragaya, ko ba ta da ado.

Watsewa da Farfaɗowa

Kayan fada da yawa sun bar ƙasar Sin ta hanyoyi marasa daɗi. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar shaƙatawa ta Yuanmingyuan, aka kuma banka mata wuta. A 1900 sojojin ƙasashe takwas suka mamaye Beijing. Daular Qing ta faɗi a 1912, 'ya'yan sarauta da suka talauce suka shiga sayar da kayan gado ga dillalai. A 1924 aka fitar da sarki na ƙarshe, Puyi, daga fada, kuma a 1925 aka mayar da ita gidan adana kayan tarihi, inda har yanzu ake ajiye da gorunan Kangxi da na Qianlong. Shi kuwa lambun Fengzeyuan, a cikinsa Mao Zedong ya zauna daga 1949 zuwa 1966.

A tsakiyar ƙarni na 20 sana'ar ta kusa ɓacewa, musamman a shekarun juyin juya halin al'adu, daga 1966 zuwa 1976, lokacin da ake ƙyamar duk abin da ya shafi tsohon zamani. Mutumin da aka fi danganta ceto ta da shi shi ne Wang Shixiang, wanda ya rayu daga 1914 zuwa 2009. Tun yana ɗalibi a Jami'ar Yenching a shekarun 1930 yake kiwon gyare da tattabaru, ya kuma gwada shuka duman mazubi da hannunsa. A 1979 ya buga maƙala a kan kayan duma a mujallar gidan tarihin fada, sannan a 1993 ya fitar da cikakken littafi a Hong Kong. Ya tattara abin da tsofaffin littattafai suka faɗa, ya haɗa da abin da ya ji daga bakin manoma da dillalai. Rubutunsa ya ja hankalin masu lambu suka koma ga sana'ar, ya kuma ba masu tarawa ma'aunin rarrabe kaya. A 2003 aka yi gwanjon kayan tarihin da ya tara a Beijing, aka saye su kakaf.

Abin da Masu Tarawa ke Dubawa

Mai sayen gorar mazubi yakan fara da duba zanen, ko ya fito sarai ta kowane gefe. Sannan ya nemi layukan da mahaɗar gunduwoyin mazubi suka bari, domin su ne shaidar cewa girma zanen ya yi a jikin duman. Sai launi. Sabon duma fari-fari ne mai ratsin rawaya. Da shekaru da shafar hannu yakan koma kalar zuma, daga nan ya yi ja mai duhu da sheƙi. Sai aikin baki da na ciki, sai hatimin da ke gindi, sai kuma tarihin hannayen da kayan ya bi.

Sai dai kuma inda kuɗi ya shiga, algus ba ya nisa. Hatimi kaɗai ba hujja ba ne, domin an yi ta sassaƙa sunan Kangxi da na Qianlong a mazuban da aka yi bayan sun daɗe da rasuwa. Matsalar ta fi ta tangaran sarƙaƙiya, saboda jabun gora ma gora ce ta gaske, da ƙasa da ruwa da rana suka raina. Abin da mai algus ba shi da shi shi ne shekaru, don haka yakan nemi aro da rini da hayaƙi da mai. Ƙwararru sukan gane, domin launin tsufa ba ya zama bai ɗaya. Yakan fi duhu inda hannu ya fi taɓawa. Wata matsalar kuma ita ce ta hauren giwa. Tun 1989 ƙasashen duniya suka amince da hana cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda haka gora mai bakin haure ba ta ƙetare iyaka sai da takardu.

Kammalawa

Idan aka duba wannan tarihi za a ga cewa abin da ya ba gorar mazubi daraja shi ne ɓangaren da ikon sarki bai kai gare shi ba. Sarki ya ba da umarni, masassaƙi ya yi mazubi, amma cikar zanen ta rataya ne a kan damina da lafiyar tsiro, launin kuma a kan shekara ɗari biyu ko uku na shafar hannu. Mai saye a yau yana biyan kuɗin ɗaruruwan da suka ruɓe kafin a sami ɗaya, da kuɗin lokacin da ba a iya gaggauta shi. Sunan da ke gindin tasa na sarki ne, amma masu lambun da suka kwana suna fargabar ruwan sama, akasarinsu ba a rubuta sunayensu ba.

Akwai abin da ya shafe mu a nan. Roba da kwano sun ture ƙwarya daga gidaje da yawa a ƙasar Hausa, masu zanen ƙwarya da gyartai kuma suna ƙara ƙaranci. Sana'ar Sinawa ta tsira ne domin wani ɗan jami'a bai raina zama da manoma da masu kiwon gyare ba, ya tambaye su tun suna raye, ya rubuta. Sunayen zanen ƙwaryarmu da kayan aikinsu da garuruwan da suka yi suna da su suna nan a bakin tsofaffi, kuma ɗaliban Hausa ne suka fi kowa kusa da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.